Tawada, gilashi da rola: yadda muke ɗaukar zanen hannun yara masu tawayar fahimta

Tawadar da hannun yaro ɗaya yake buƙata ba ta wuce girman ƙwayar wake ba. Duk sabon shiga sai ya matsa fiye da haka, shi ya sa takardun ranar farko suke fitowa baƙi ƙirin, kamar an shafo gindin tukunya an dafa bango. Aikin da nake magana a kai shi ne ɗaukar zanen yatsu da na tafin hannu na yara masu tawayar fahimta, irin wanda muke yi domin bincike a makarantun yara masu buƙata ta musamman da kuma ɗakin duba yara na asibiti. Masana suna kiran fannin damatogilifiks, sunan da Harold Cummins da Charles Midlo na Jami'ar Tulane ta Amurka suka raɗa masa a 1926. Cummins ɗin ne kuma ya nuna, a ƙarshen shekarun 1930, cewa akwai alamomin da suke maimaituwa a hannun masu larurar Down. Wannan kuwa kusan shekara 20 ne kafin a gano a Faris, a 1959, cewa tushen larurar ƙarin kuromosom ne guda ɗaya a kan lamba 21, wato 47 maimakon 46 (kuromosom su ne ƙananan zaruruwan da suke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayoyin jiki).

Kalli kan yatsanka da kyau, gona ce da aka yi wa huɗa: ga kunya, ga kwari. Kunyoyin ne suke ɗaukar tawada, a bisansu kuma ƙofofin gumi suke. Kwarin shi yake fita fari a takarda. Tun 1892 Francis Galton ya kasa zanen gida uku, mu kuma muka ba kowanne sunan da bakinmu ya saba da shi. Akwai baka, inda kunyoyin suka shigo ta gefe ɗaya, suka ɗan yi tozo, suka fice ta ɗaya gefen. Akwai zarge, inda suka shigo, suka juya, suka koma ta inda suka fito. Sai faifai, wanda suka naɗe a tsakiya kamar saƙar faifan rufe ƙwarya. Idan ido ya ruɗe, abin da yake raba gardama shi ne mararraba, wato wurin da kunyoyi daga ɓangare uku suka haɗu. Baka na gama-gari ba shi da ita, zarge yana da ɗaya, faifai yana da biyu. A yawancin al'ummu zarge shi ne kusan kashi 60 zuwa 65 cikin 100 na yatsu, faifai wajen 30, baka wajen 5.

Abin da ya sa likitoci suka damu da waɗannan layuka shi ne lokacin da ake shata su. Ɗan tayi yana da wasu ƙananan matasai a kan yatsunsa da tafinsa tun yana wajen sati 7. Daga sati na 10 zuwa na 13 matasan suna sacewa, kunyoyi suna fara fitowa, kuma siffar matashin a daidai wannan lokaci ita take yanke irin zanen: mai tudu sosai yakan ba da faifai, wanda ya kwanta yakan ba da baka, wanda ya karkata gefe ya ba da zarge. Kafin ciki ya cika wata shida an gama, an rufe littafi. Hannu zai girma, zanen ya buɗe, amma ba ya sauyawa har kabari. Duk abin da ya dagula ginin jiki a waɗannan makonni yana iya barin sawu a hannu. Abin da ya zo bayansu ba ya bari.

Kafin a taɓa hannun kowa sai an sami amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, sannan ta shugaban makaranta, sannan ta iyaye, ɗaya bayan ɗaya. Na iyayen ne yake cin lokaci, kuma ya cancanci ya ci. Da mutum ya ji an ce za a ɗauki zanen yatsan ɗansa, tunaninsa yakan tafi ɗayan wuri uku: rajistar katin ɗan ƙasa, ko tallafin da za a raba, ko duba. Dole a kore ukun a fili, musamman na biyu, domin uwar da ta sa hannu tana tsammanin kuɗi ba ta amince da komai ba. Mukan karanta takardar da Hausa da babbar murya, mu ce ba magani za mu bayar ba, ba kuɗi, kuma wanda ya ƙi ba abin da zai taɓa karatun ɗansa. Shi ma yaron yana da ta cewa ko da ba ya magana. Idan ya janye hannu sau biyu, sau uku, an gama da shi a ranar. Ba a rubuta suna a takardar zane, lamba kawai ake sawa, littafin da ya haɗa lamba da suna kuma yana kulle a wani wuri daban. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta sa irin wannan bayani na jiki cikin masu buƙatar kariya ta musamman, don haka ɗaukar hoton takardun a tura wa abokin aiki ta WhatsApp ganganci ne.

A zaman nan da iyaye muke cike tarihin yaro, kuma daga baya za ka ga ya fi zanen kansa amfani. Shekaru da jinsi, ƙabilar uwa da ta uba, ko auren zumunci ne. A gida aka haife shi ko a asibiti, naƙudar ta daɗe, ya yi kuka nan take? Ya yi shawara a satin farko har idonsa ya yi ɗorawa? Ya taɓa yin sanƙarau, ko zazzaɓin da ya kai shi ga suma da jijjiga? Yana ci gaba daidai sannan ya tsaya, ko tun farko a baya yake? Idan akwai katin asibiti, a kwafi abin da likita ya rubuta yadda yake. Kalmar galahanga da iyaye suke zuwa da ita ba ta isa a rubuta a matsayin ganewar cuta ba, don a bakin mutane ta haɗe yara masu larurori daban-daban da ba abin da ya gama su.

Kayan aikin duka suna shiga jakar baya ɗaya. Gilashi mai kauri, kamar santimita 30 da 20, wanda aka goge bakinsa don kada ya yanki yaro. Rolar roba mai faɗin santimita 10. Baƙar tawadar maɗaba'a mai kauri. Kada a yarda da tawadar hatimin ofis, ruwa-ruwa ce, tana malala cikin kwari ta haɗe kunyoyi. Farar takarda A4 mai santsi, soson katifa siriri mai kaurin santimita 1 zuwa 2, kwalba mai sulɓi wadda faɗinta ya kai santimita 8 zuwa 10, sabulu, bokitin ruwa, tawul, auduga da ɗan man gyaɗa na wanke hannu. Tebur ya zama daidai gwiwar hannun yaro idan yana tsaye ko zaune. Teburin malami ya yi wa yawancinsu tsawo, bencin aji ya fi.

Wanke hannu shi ne rabin aikin, kuma yanayin shekara ne yake faɗa maka yadda za ka yi shi. Da hunturu fata ta bushe ta tsattsage, zanen yakan fito da fararen layuka sun gicciye kunyoyi ta ko'ina. Maganinsa a jiƙa hannun a ruwan ɗumi minti 2 zuwa 3, a tsane sosai, a jira ɗan lokaci. Idan aka wuce haka yatsun su yi yaushi su tattare, an koma gidan jiya. Wata matsalar hunturun ita ce man da iyaye mata suke lafta wa yara da safe, basilin ko man kaɗanya. Tawada ba ta kama fata mai maiƙo, sai an wanke da sabulu sau biyu. Ƙura kuma tana sauka a kan gilashi cikin 'yan mintuna, kowace ƙwaya ta fito ɗigo fari a takarda, don haka a kifa masa faranti tsakanin yaro da yaro. Da bazara abin ya juya: gumi ne yake tsattsafowa kafin ka kai hannun takarda, ya narkar da layin. A goge da audugar da aka ɗan jiƙa da sifirit, a bari ya bushe, a yi sauri. Lalle ba ya hana tawada aiki, ja ne ko baƙi, amma yana ɓata hoto idan da kyamara ake ɗauka.

Ana ɗiga tawadar a gefen gilashi, a bi ta da rola gaba da baya, sannan a gicciye, har sai ta zama siririn mayafi mai launin toka-toka wanda idan ka ɗaga gilashin kana hango haske ta cikinsa. Kunne ma yana taimakawa. Idan rolar tana ƙarar ɗanƙo, tawada ta yi yawa, a rage da wata takardar. Idan tana wani siririn sauti kamar ana shafa takarda, ta yi. Mukan fara gwadawa da namu babban yatsan a gaban yaron, ya ga an dangwala, ya ga an goge, ba abin da ya faru. Da yawa daga nan su da kansu suke miƙo hannu.

Da yatsu ake farawa, hannun dama, daga babban yatsa zuwa ƙarami. Kana tsaye a gefen yaron ka riƙe yatsan da hannu biyu, ɗaya a gindi ɗaya a bakin farce, sauran yatsun a lanƙwashe. Ka mirgina shi a kan gilashi daga gefen farce zuwa ɗaya gefen, har ƙasan gaɓar farko, sannan ka mirgina a gidan da aka ware wa wannan yatsa a takarda sau ɗaya tak, ka ɗaga sama. Ba a komawa baya. Babban yatsa ana mirgina shi zuwa wajen jikin yaron, sauran huɗun kuwa ana yin nesa da jikin, domin ta haka hannu yake tashi daga matsi ya ƙare a sake, ba ya zamewa a ƙarshe. Kuskuren da ya fi tsada a nan shi ne gajarta mirginawa. Mararraba a gefe take zama, wani lokaci can kusa da farce. Idan ba a kai gare ta ba, faifai mai mararraba biyu zai fito da ɗaya, a rubuta shi zarge, kuma ba wanda zai gane an yi kuskure. Bayan an gama biyar ɗin, a dangwala yatsu huɗu tare a ƙasan takardar ba tare da mirginawa ba, babban yatsa a gefensu. Wannan shi ne shaidar da za ta nuna idan an sa na zobe a gidan na tsakiya.

Tafin hannu ya fi wuya saboda ramin tsakiyarsa. Da rola ake shafa masa tawada kai tsaye, daga layin wuyan hannu har gindin yatsu, a bi gefen ƙaramin yatsa, a tura bakin rolar cikin ramin. Idan aka dafa a kan tebur mai tauri, tsakiyar takan fito fari fat, kuma a hannun mai larurar Down abin da ake nema sau da yawa a nan tsakiyar yake. Dabara biyu ce. Ko a shimfiɗa takardar a kan soso, a fara ajiye wuyan hannu, a kwantar da tafin, a danna bayan hannun a tsakiya da kan gaɓoɓin gindin yatsu, sannan a ɗaga daga wuyan hannu zuwa yatsu. Ko a naɗa takardar a jikin kwalba, a ɗora wuyan hannu a kai, a ja hannun baya a hankali kwalbar tana mirginawa a ƙarƙashinsa har ƙarshen yatsu. Ni na fi son kwalba ga yaran da suka haura shekara 6, soso ga ƙanana. Ko wacce aka bi, yatsu su kasance a sake, ba a matse ba, ba a baje ba, kuma a yi wa kowane yaro iri ɗaya. Dalilin zai fito idan an zo awo.

Hannun yaro mai larurar Down gajere ne, mai faɗi, mai taushi, gaɓoɓinsa a sake. Ba ya gardama, shi ya sa ake yawan danna shi fiye da kima, kunyoyin su baje su haɗe. Nauyin hannunka kaɗai ya isa. Fatarsu kuma takan bushe, kunyoyin su zama sirara, wani wuri su fito ɗigo-ɗigo kamar an jera gero. Ƙaramin yatsan sau da yawa ya lanƙwasa ciki, ba ya mirginawa a miƙe, sai ka bi lanƙwasar. Akasinsa shi ne yaron da jijiyoyinsa suka ɗaure, hannu a dunƙule, babban yatsa a cikin tafi. Wannan ba a buɗe shi da ƙarfi, ƙara ja ƙara dunƙulewa. A lanƙwasa wuyan hannun ƙasa a hankali, yatsun za su saki da kansu. Sannan maimakon a kai yatsa wajen takarda, a kai takarda wajen yatsa: a yanka ta ƙanana, a rubuta lamba da sunan yatsa a bayan kowace kafin a fara, a naɗa ta a yatsan daga gefe zuwa gefe. Wanda ya ce zai rubuta daga baya zai tsinci kansa da 'yan takardu goma bai san na wane yatsa ba ne.

Akwai yaran da ba sa jure ɗanƙon tawada ko warinta ko kaɗan, akwai kuma masu kai hannu baki kafin ka ƙifta ido. Su mukan goga bakin fensir mai laushi a takarda har ya yi gari, a shafa a yatsa, a manna faffaɗan salatif mai haske, a ɓamɓare a liƙa a farar takarda. Zanen yana fita tsaf, wani lokaci ya fi na tawada. Sai dai akwai tarko. Abin da salatif ya ɗauko a juye yake idan aka gwada da na tawada, kamar a madubi. Haka hoton kyamara. A takardar tawada, zargen hannun dama da ya buɗe wajen ƙaramin yatsa yana kallon dama. A salatif hagu yake kallo. Idan aka cakuɗa hanyoyin biyu ba a rubuta ba, zargen ɓangaren ƙaramin yatsa, wanda shi ne gama-gari, zai koma na ɓangaren babban yatsa, wanda ba shi da yawa, sai a wayi gari an "gano" abin da babu shi.

Idan iyaye sun yarda mukan ɗauki tafin ƙafa, tudun da ke ƙarƙashin babban yatsa kawai. Yaro yana zaune, a shafa da rola, a danna takarda da soso daga ƙasa. Ga mai yawo ba takalmi, kaushi da faso sukan cinye zanen, sai an jiƙa an goge. Wanke tawada kuma da man gyaɗa a auduga ne, sannan sabulu. Kananzir yana fitar da ita da sauri, amma ba a sa shi a hannun da zai shiga baki. Takardun a baje su su sha iska kafin a tara, tawadar maɗaba'a ba ta bushewa da wuri. Yaro mai haɗin kai yakan ci minti 15, wani ya ci 40, wani sai an dawo.

Karatun zane a ofis ake yinsa, da madubin ƙara girma, fensir mai tsini, rula da allura. A kowane yatsa a fara rubuta irinsa. Sannan a ja siririn layi daga mararraba zuwa cibiyar zanen, a bi da bakin allura ana ƙirga duk kunyar da layin ya taɓa ko ya ƙetare, ban da mararrabar kanta, ban da cibiyar. Baka sifili ne. Faifai yana da ƙidaya biyu, a ɗauki babbar. A tara na yatsu goma, shi ne jimillar kunyoyi. A binciken Sarah Holt a kan Turawan Ingila, matsakaicin maza ya kama wajen 145, na mata wajen 127. Mutum biyu ne suke ƙirgawa kowa shi kaɗai, kuma ba wanda ya san takardar ta wane rukuni ce. Idan suka saɓa da fiye da kunya 2 a yatsa ɗaya, a sake zama. Wanda ya san takardar ta mai larura ce, idonsa zai ga abin da yake tsammani, ko da shi waliyyi ne.

A tafin hannu akwai mararraba huɗu a gindin yatsu, ana kiransu a, b, c, d, daga manuni zuwa ƙarami. Ta biyar, t, tana can ƙasa kusa da wuyan hannu. A ja layi daga a zuwa t, wani daga d zuwa t, a auna kusurwar da ma'aunin da ke cikin akwatin lissafin 'yan makaranta. A yawancin mutane takan kama digiri 40 zuwa 45. Idan t ta hau sama zuwa tsakiyar tafi kusurwar sai ta buɗe, kuma daga wajen 57 zuwa sama ana lissafa t a matsayin mai nisa, irin wadda aka fi gani a larurar Down. Idan t ta fi ɗaya, a auna da ta sama, a rubuta cewa akwai wata. Wannan awo yana da rauni biyu da ba a cika faɗa ba. Baje yatsu yana nisanta a da d, ya ƙara digiri da yawa a banza. Shekaru ma suna taɓa shi: tafin jariri gajere ne mai faɗi, kusurwarsa a buɗe take, tana tsukewa yayin da hannu yake tsawo. Gwada ɗan shekara 5 da ɗan 15 kai tsaye kuskure ne. Shi ya sa muke haɗawa da awon da Norma Ford Walker ta Toronto ta yi amfani da shi a shekarun 1950: nisan t daga layin wuyan hannu, a raba da tsawon tafi har gindin yatsan tsakiya. Kashi 40 cikin 100 zuwa sama, ta yi nisa.

Manyan layukan ninkin tafi, waɗanda 'yan duba suke kallo, daban suke da kunyoyi, amma su ma tun farkon ciki suke fitowa. Yawancin mutane suna da biyu a gicciye. Idan suka haɗe suka zama ɗaya daga gefe zuwa gefe, shi ne layi ɗaya mai gicciye. Tsofaffin littattafai suna danganta sunansa da biri, an daina, kuma bai kamata a ji shi a bakin ma'aikaci ba. Kusan rabin masu larurar Down suna da shi. Amma mutum 1 zuwa 4 cikin 100 na masu cikakkiyar lafiya ma suna da shi, aƙalla a hannu ɗaya. Tunda larurar Down takan zo sau ɗaya a haihuwa 700 zuwa 1,000, lissafi ya nuna yawancin masu wannan layi a gari lafiyarsu ƙalau.

Alamomin larurar Down a tare suke da ƙarfi. Zargen ɓangaren ƙaramin yatsa a kusan dukkan yatsu, wani lokaci goma cif. Zargen ɓangaren babban yatsa, wanda a sauran mutane a manuni ya fi zama, ya koma na zobe ko ƙarami. Ga t a tsakiyar tafi, ga ƙaramin yatsa mai layin gaɓa ɗaya maimakon biyu. A ƙafa kuma, baka mai buɗewa wajen cikin ƙafa a ƙarƙashin babban yatsa, wanda kusan rabinsu suke da shi alhali da wuya a gan shi a wasu, tare da faɗin tsakanin babban yatsa da mai bi masa. Ƙarin kuromosom na 18 yakan zo da baka a yatsu shida ko fiye, na 13 da t mai nisa ƙwarai, sai dai waɗannan jarirai kaɗan ne suke kai shekara guda, a ɗakin jarirai ake ganinsu, ba a makaranta ba. Yarinya mai kuromosom X ɗaya maimakon biyu, wato larurar Turner, jimillar kunyoyinta takan yi sama, namiji mai ƙarin X kuma tasa ta yi ƙasa.

Duk wanda ya jera takardun makaranta guda a tebur zai lura da wani abu: da yawansu ba su da maraba da hannun kowa. Tarihin da aka cike da iyaye shi yake bayyana dalili. Yaron da ya maƙale a doguwar naƙuda iska ta yanke wa ƙwaƙwalwarsa, da wanda shawara ta hau masa kai a satin farko, da wanda sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa ya kama yana ɗan shekara 2, duk an gama shata hannunsu watanni kafin abin ya same su. Haka yaran da gubar dalma ta taɓa a ƙauyukan haƙar zinariya na Anka da Bukkuyum a Zamfara, inda aka gano annobar a 2010 bayan ta kashe yara aƙalla 400: waɗanda suka sha gubar suna rarrafe suka rayu da rauni a ƙwaƙwalwa, ba a yatsunsu za a ga shaidarta ba. A ƙasarmu irin waɗannan dalilai suna da yawa ƙwarai.

A nan ne bincike da yawa yake tuntuɓe. A tara duk yaran makaranta a kira su rukuni ɗaya, a gwada da ɗaliban wata makarantar, a fitar da bambanci. Idan akwai masu larurar Down goma a ciki, su kaɗai sun isa su ja matsakaicin kusurwa sama, sai a rubuta cewa tawayar fahimta tana buɗe kusurwa. Dole a ware rukuni bisa dalilin larura, a ware maza da mata, dama da hagu. Rukunin gwaji kuma, wato yara masu lafiya da ake gwadawa da su, ya fito daga al'umma ɗaya da shekaru ɗaya, don yawan baka da faifai yana bambanta tsakanin al'ummu, alƙaluman Ingila ba ma'aunin yaran Kano ko Maraɗi ba ne. Sannan wanda ya gwada abu 40 tsakanin rukuni biyu, ya sa ran biyu daga ciki za su nuna "bambanci" don sa'a kawai. Masu tallar cewa za su ɗauki zanen yatsun ɗanka da na'ura su faɗa maka basirarsa da sana'ar da ta dace da shi kuwa, ba wani ingantaccen bincike a bayansu. Duba ce ta sa rigar kwamfuta.

Kusan kowace uwa takan tsaya bayan an wanke hannun ɗanta ta ce, "Malam, me kuka gani?" Amsar da muke bayarwa ita ce, "Hajiya, hannu ba ya faɗin ciwo shi kaɗai, amma akwai abin da muke so likitan yara ya duba." Ko alamomin sun taru, zane ba ya tabbatar da larurar Down. Gwajin jini na ƙirga kuromosom ne yake tabbatarwa, kuma tun da ya samu likitoci suka daina dogara da hannu. Inda gwajin ya yi nisa ko ya yi tsada, zanen da siffar fuska da laushin jiki sun isa dalilin rubuta takardar turawa asibiti ba tare da jira ba. A takardar mukan nemi abu uku: hoton zuciya, domin kusan rabin waɗannan yara da matsalar zuciya ake haihuwarsu, gwajin jini na aikin ƙullin maƙogwaro, wanda idan ya yi rauni yana ƙara dakushe fahimta alhali ƙwaya ɗaya a rana tana gyara shi, da gwajin ji da gani, don wani yaron da aka ce ba ya ganewa, ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnensa.